Nauyin da ke Wuyan Gwamnatocin Jihohi Game da Laburaren Jama'a a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi magana ne a kan laburaren jama'a, watau ɗakin karatun da hukuma ta buɗe da kuɗin baitulmali domin kowa da kowa, ba tare da an tambayi mai shiga makarantar da yake ko takardar shaidar da ya mallaka ba. Ba za ta taɓa laburaren jami'a ko na kwaleji ko na ma'aikatu ba sai a kaikaice, domin waɗannan kowanne yana da ubangidansa. Abin da ake so a duba shi ne, a tsarin mulki irin namu mai hawa uku, mene ne ke wuyan gwamnatin jiha game da waɗannan ɗakuna, kuma ta wace hanya za ta sauke shi.

Nauyin ya kasu kashi uku. Na farko kulawa, watau kafa doka, da tsayar da ma'aunin da za a auna kowane ɗakin karatu da shi, da zagayawa a ga ko ana bin ma'aunin. Na biyu ba da kuɗi. Na uku tallafi, watau ayyukan da ƙaramin ɗakin karatu ba zai iya yi wa kansa ba sai an yi masa daga sama, kamar sayen littattafai a dunƙule, da tsara su, da horar da ma'aikata. Za a ga cewa yawancin jihohinmu sun riƙe wani ɓangare na kashi na biyu, sun saki na farko da na uku.

Dalilin da ya sa aka ɗora maganar a kan jiha yana nan cikin Tsarin Mulki na 1999. A jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka an ambaci gudanar da gidajen tarihi da laburare, amma aka keɓe waɗanda gwamnatin jiha ta kafa. A jerin ayyukan ƙananan hukumomi kuwa an ambaci ilmin firamare da na manya da na sana'a, ba a kira sunan laburare ba. Laburaren Ƙasa, wanda aka yi wa doka cikin 1964 aka kuma sake ta da Doka ta 29 ta 1970, aikinsa shi ne tattara abin da aka buga a ƙasar nan da adana shi da ba da lambar littafi. Rassansa na jihohi wuraren bincike ne, ba su ne za su kai littafi Gwarzo ko Illela ba. Ashe ke nan in jiha ba ta ɗauki wannan kaya ba, babu wanda doka za ta kama da laifin barinsa a ƙasa.

2.0 Yadda Aka Faro

Tun kafin zuwan Turawa akwai taskokin littattafai a ƙasar Hausa, a gidajen malamai da alƙalai da sarakuna, kuma wanda ya san taskar Waziri Junaidu a Sakkwato ya san ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai waɗannan mallakar gidaje ne, ana shiga da izini, ana aro da amana. Ɗakin karatu na hukuma ya bazu ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka take bukatar wurin da jama'a za su taru su ji labarin yaƙi ta bakinta. Aka sa hukumomin En'e su buɗe ɗakuna a manyan garuruwa, a ajiye jaridu da 'yan ƙananan littattafai, cikinsu har da Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa cikin 1939. En'e ce ke ba da ɗaki da ma'aikaci. Ma'aikacin kuwa galibi ba shi da wani horo a kan aikin, abin da ya sani shi ne ya buɗe da safe ya rufe da yamma, ya tabbata ba a fita da kome ba.

Cikin 1952 aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna. Abin lura a nan shi ne manufar kafa shi. An kafa shi ne musamman don ya gyara ɗakunan karatu na En'e, ya aika musu da littattafai cikin akwatuna, a musanya su bayan an karanta, ya kuma koya wa ma'aikatansu aikin. Watau tun farko an fahimci cewa matsayin gwamnati ta sama shi ne ta tsaya a bayan ƙananan ɗakuna ta riƙe su. Wannan kuwa ya zo daidai da zamanin Yaƙi da Jahilci, lokacin da Hukumar NORLA ta Zariya take fitar da littattafan Hausa da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya, har zuwa 1959. Mutumin da ya gama ajin dare ya sami takardarsa yana da abin da zai karanta, yana kuma da inda zai same shi.

A wancan lokaci maƙwabtanmu sun riga mu ta fuskar doka. Ƙasar Gana ta kafa hukumar laburare da doka ta fara aiki cikin 1950. Cikin 1953 UNESCO ta kira babban taro a Ibadan a kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, kuma daga manyan shawarwarinsa akwai cewa lalle a kafa su bisa doka, ƙarƙashin hukuma mai cin gashin kanta. Jihar Gabas ta amsa wannan kira cikin 1955 da dokar hukumar laburare, har aka buɗe babban laburaren Inugu cikin 1959 da taimakon UNESCO. Arewa kuwa ta bar nata a matsayin sashe ƙarƙashin ma'aikata, kuma wannan bambanci ya yi tasiri, domin sashen ma'aikata ba shi da bakin kansa a gaban majalisa, sai abin da babban sakatare ya tuna da shi.

Cikin 1963 aka sami rahoton F. A. Sharr a kan bukatun Arewa game da laburare. Abin da aka fi tunawa da shi daga rahoton shi ne shawarar buɗe makarantar horar da ma'aikatan laburare a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe cikin 1968. Amma akwai wani abu game da mutumin kansa da ya kamata mu tsaya a kai. Sharr shi ne shugaban laburaren Jihar Yammacin Ostireliya, ƙasa ce mai faɗin gaske, garuruwanta a warwatse, tamkar dai yadda Jihar Arewa take. Tsarin da ya gina a can bisa dokar jihar ta 1951 shi ne raba aiki biyu: hukumar jiha ta sayi littattafai, ta tsara su, ta rarraba, ta riƙa musanya su tsakanin garuruwa a kai a kai, ƙaramar hukuma kuma ta ba da gini da ma'aikaci da kuɗin hidimar yau da kullum. Littafin na jiha ne duk inda yake, saboda haka in mutanen wani gari sun gama da shi sai a kai shi wani gari. In aka duba da kyau, wannan shi ne tsarin akwatunan Kaduna da ɗakunan En'e, sai dai can an ɗaure shi da doka da yarjejeniya, mu kuwa muka bar shi a hannun al'ada.

3.0 Rarrabuwar Jihohi

Ranar 27 ga Mayu 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida. Da aka zo rabon kaya, littattafan Kaduna da 'yan ƙwararrun ma'aikatan da ake da su su ma aka raba su. Abin da ya ishi gida ɗaya da ƙyar, sai ga shi an kasa shi shida, kowane kashi kuma yana bukatar gini da shugaba da mota da sashen tsara littattafai nasa na kansa. Aka sake rabo cikin 1976, da 1987, da 1991, da 1996. Ɗauki Jihar Arewa maso Yamma kaɗai: ta zama Sakkwato da Neja cikin 1976, aka cire Kebbi cikin 1991, aka cire Zamfara cikin 1996. Katsina ta fita daga Kaduna cikin 1987, Jigawa daga Kano cikin 1991. Yau jihohin Arewa 19 ne. Hausawa na cewa in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. To, a nan man ma ba a ƙara shi ba, tukwanen ne suka yi ta ƙaruwa.

A ƙasa kuma, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e. Ƙa'idojin gyaran sun sa laburare da ɗakunan karatu cikin ayyukan da jiha da ƙaramar hukuma za su yi tarayya a kansu, amma ba a fayyace wa zai biya me ba. Abin tarayya kuwa, in ba a rubuta rabon kowa ba, kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Ta haka ne ɗakunan karatu da yawa na zamanin En'e suka zama ofisoshi, ko ɗakin ajiyar taki, ko kuma aka rufe su kurum.

Gaskiya ne jihohi da yawa sun kafa hukumomin laburare, galibi da dokokin soja. To amma sai aka sami wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. Hukumar da ya kamata ta zama uwa ga ɗakunan karatu na jiha baki ɗaya, sai ta koma mai gudanar da babban laburare guda ɗaya a hedkwata, da 'yan rassa a tsofaffin hedkwatocin larduna da gundumomi. Babban gini irin na Laburaren Murtala Muhammed a Kano abin alfahari ne, ba mai musu. Sai dai Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma yaron da ke Doguwa ba ya cin moriyar ginin da ke kan titin Ahmadu Bello. Ga kuma wata matsala ta hankali: in hukuma ita ce mai gudanarwa, ita ce kuma mai dubawa, to wa zai duba ta? Ba a sa mutum ya yi wa kansa alƙalanci.

4.0 Maganar Kuɗi

A nan ne maganar ta fi nauyi, saboda haka zan ɗan daɗe a kai.

Kuɗin hukumar laburare ta jiha kan zo ta ƙofa uku, albashi, da kuɗin hidimar yau da kullum, da kuɗin manyan ayyuka. Albashi dole ne a biya shi, domin ma'aikaci yana da ƙungiya, yana da baki. Gini kuma yana da masu son sa, domin ana aza harsashi a kira makaɗa, a buɗe a yanka kyalle. Littafi ne maraya. Sau da yawa akan jefa shi cikin manyan ayyuka, su kuwa manyan ayyuka su ne ake fara dakatarwa duk shekarar da kuɗin shiga ya gaza. Sa'an nan duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san bambancin abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki. Sakamakon haka shi ne a ga laburare da ma'aikata cike, kujeru cike da ɗalibai masu shirin jarrabawa, amma kowa da littafin da ya zo da shi daga gida, na kan kanta kuwa ƙura ta rufe su, don sun tsufa. Wannan wuri ya zama zauren zama, kuma ko da yake zauren zama mai fitila da shiru yana da nasa amfani ga yaron da gidansu ba wuta, ba don shi kaɗai aka kafa hukuma ba.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara dagula al'amarin. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki cikin 1986 sai ta fara gangarowa, har cikin 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Laburaren da ya saba cika kantarsa da littattafan Ingila, ya ga kuɗinsa na shekara ba ya sayen abin da yake saye a wata guda. Har littafin da aka buga a gida bai tsira ba, tun da takarda da tawada daga waje ake kawo su. Daga nan aka koma dogaro ga kyauta daga ƙasashen waje. Kyauta ba ta da laifi, amma mai kyauta yana ba da abin da yake da shi ne, ba lalle abin da manomin Gumel yake bukata ba.

Ta ɓangaren Tarayya, babu wata ƙofa ta dindindin da kuɗi ke bi su iso ga laburaren jama'a na jiha. Asusun harajin ilmi da aka kafa cikin 1993, da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, an taƙaita shi ga manyan makarantu da dokar 2011, ya zama TETFund. Mu malaman kwalejojin ilmi mun ga amfaninsa da idonmu, domin akwai kason raya laburare da kwalejoji ke samu. Amma ɗalibin da muka horar da waɗannan littattafai, in aka tura shi koyarwa ƙauye, ya rabu da laburare ke nan, wataƙila har ya yi ritaya. Gina hedkwatar Laburaren Ƙasa a Abuja ma, wadda aka ba da kwangilarta cikin 2006, ta haura shekara 15 ba a gama ba. Wanda bai rufe ɗakinsa ba, ba a sa ran ya yi wa maƙwabci jinka.

Yana da kyau mu duba yadda wata tarayyar ta warware wannan ƙulli, ba don mu kwafa ba, sai don mu ga dabarar. A Amurka mafi yawan kuɗin laburaren jama'a, fiye da kashi 80 cikin 100, daga ƙananan hukumomi yake fitowa. Kason jiha da na tarayya kaɗan ne, amma da wannan kaɗan ɗin ake juya akalar sauran. Jihar Masacusets ce ta fara, cikin 1890, da ta kafa hukuma ta ce duk garin da ya buɗe laburare kyauta ga jama'a, ya kuma ware masa kuɗi, za a ba shi littattafai na dala 100. Cikin 1956 gwamnatin tarayya ta shigo da doka don taimakon laburaren karkara, aka faɗaɗa ta cikin 1964, aka sake ta cikin 1996. A ƙarƙashin dokar 1996 ana ba hukumar laburare ta kowace jiha kuɗi gwargwadon yawan jama'arta, bisa sharuɗɗa: ta kawo shirin shekara biyar, ta zuba kashi 34 cikin 100 na kuɗin shirin daga gida, kada ta kashe fiye da kashi 4 cikin 100 na kason tarayya a kan hidimar ofis, kuma kada ta rage abin da ta saba kashewa don ganin taimako ya zo. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi burge ni, domin ya toshe ƙofar da aka fi bi a wurinmu, inda zuwan taimako kan zama dalilin janye hannu. Ko a can ma tsarin bai tsira daga siyasa ba, domin cikin watan Maris 2025 shugaban ƙasar ya ba da umarnin rage hukumar tarayya mai raba wannan kuɗi iyakar abin da doka ta yarda, har maganar ta kai kotu. Abin da ya ba jihohi ƙafar tsayawa a gaban alƙali shi ne kuɗin a rubuce yake cikin doka.

Irin wannan tsari na "zuba in zuba" ba baƙo ba ne a nan. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, jiha kuma ba ta ɗaukar kasonta na gine-gine sai ta ajiye daidai da shi. An kuma sani cewa jihohi da yawa sun sha barin kasonsu a ajiye shekara da shekaru don sun kasa, ko sun ƙi, kawo nasu. Darasin da ke ciki shi ne, in sharaɗin tsabar kuɗi ne mai yawa, wanda ya fi bukata shi ne zai fi kasa cikawa. Saboda haka a ganina, tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, gara a koma ga dabarar Sharr da ta akwatunan Kaduna: ƙaramar hukuma ta kawo abin da take da shi a hannu, watau ɗaki da ma'aikaci da fitila, jiha kuma ta kawo littafi maimakon kuɗi. Littafi mai hatimin hukuma ba ya saurin ɓacewa a hanya kamar yadda kuɗi ke yi. Haka ma aka yi a Jamhuriyar Nijar da wasu ƙasashe masu amfani da Faransanci, a cibiyoyin karatu na karkara da aka fara kafawa cikin 1986, inda gari ke ba da gini da mai kula, littattafai da kayan aiki kuma su zo daga sama.

Za a ce ina kuɗin? Bari mu yi ɗan lissafi na misali. Mu ƙaddara Jihar Kano ta ce za ta ba kowace ƙaramar hukuma sababbin littattafai 500 a shekara, jimla 22,000 ke nan. Mu ƙaddara kowane littafi, da saye da tsarawa da kaiwa, ya ci naira 3,000. Kuɗin ya kama naira miliyan 66. Kasafin jihar na 2024 ya haura naira biliyan 400, watau wannan hidima ba ta kai kwabo 2 cikin kowace naira 100 ba. In kuwa ana musanya littattafan tsakanin ƙananan hukumomi sau uku ko huɗu a shekara, mai karatu a Rano zai ga sababbin littattafai ninkin abin da aka saya domin garinsa. Ko an ninka farashin sau biyar, maganar ba ta sauya ba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, ya ƙara wa wannan shawara ƙarfi. Aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa, amma duk ranar da ya tabbata, jiha ba za ta iya yanke kuɗin laburare daga tushe ba, sai dai ta jawo hankalin shugaban ƙaramar hukuma da abin da zai samu in ya shiga yarjejeniya.

5.0 Kulawa

Ba a ba da kaya ba sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne kulawa. A Ingila dokar 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomi gudanar da laburare cikakke mai inganci, ta kuma ɗora wa minista nauyin sa ido, har da ikon sa a yi bincike in an gaza. Mu ba ma bukatar mu fara daga nan. Ya isa dokar jiha ta ce ɗakin da zai karɓi littattafan hukuma sai ya kasance a buɗe awoyi kaza a mako, ciki har da yamma da Asabar. A shiga kyauta. A yarda a ba da aro zuwa gida. A keɓe lokaci ko wuri domin mata da yara. Mai kula da shi kuma ya sami horo. Maganar aro zuwa gida ba ƙarama ba ce a ƙasar da matan aure da yawa ba za su zo su zauna a zauren karatu ba. Masu shagunan hayar littattafai a Kano sun gane wannan tun shekarun 1980, suka yi ciniki da ita, hukuma tana kallo.

Game da ma'aikata, Doka ta 12 ta 1995 ta kafa majalisar yi wa ma'aikatan laburare rajista. Ba zai yiwu a sami mai digiri a kowane ɗakin karatu na ƙauye ba, kuma ba a bukatarsa. Abin da ake bukata shi ne ƙwararre ɗaya mai rajista a kan kowane rukuni na ƙananan hukumomi, wanda zai riƙa zagayawa kamar yadda mai duba makarantu yake yi a da, da babur da littafin rahoto. Kwalejojin ilmi suna iya ɗaukar nauyin gajeren kwas na masu kula da ɗakunan a lokacin hutu.

Sa'an nan rahoton shekara. Ya kamata doka ta tilasta wa hukumar laburare ta ajiye rahoto a gaban majalisar jiha kowace shekara, a buga shi, a faɗi ɗakuna nawa ke aiki, littattafai nawa aka saya, nawa aka ara, nawa aka yi kasafi, nawa aka saki. Hukumar da ba ta ƙirga masu karatunta ba, ba ta da hujjar da za ta kai gaban kwamitin kasafi, sai roƙo.

6.0 Wane Littafi?

Tallafi mafi girma da hukumar jiha za ta yi shi ne saye a dunƙule, kuma wannan ya shafi wannan taro kai tsaye. Bayanin UNESCO a kan laburaren jama'a, wanda aka fara fitarwa cikin 1949 aka kuma sabunta cikin 1972 da 1994 da 2022, ya nanata cewa abin da ke cikin laburare ya dace da bukatun mutanen wurin. Mutanen wurinmu kuwa, mafi yawansu in za su karanta don jin daɗi ko neman sani, da Hausa za su karanta, da boko ko da ajami, wasu da Larabci, wasu da Fulatanci ko Kanuri ko sauran harsunan jihar. Tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ake yaye yara da ɗan karatun da bai kafu ba, kuma karatun da ba a amfani da shi yana zubewa. Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa cikin 1980, da takwarorinta na sauran jihohi, sun koya wa dubban mutane karatu. Ba a tanadi abin da za su karanta bayan sun karɓi takarda ba, sabanin yadda aka yi zamanin NORLA.

Ta ɗaya gefen kuma, marubucin Hausa na yau shi ke rubutawa, shi ke biyan maɗaba'a, shi ke kai wa 'yan kasuwa, kuma abin da zai fi saurin fita shi zai rubuta. Littafin noma, ko na kiwon lafiya, ko na tarihin gari, ko ƙamus, ba mai yin kasadar buga shi don ba tabbacin mai saye. In da jihohi bakwai na Arewa maso Yamma kaɗai za su haɗa kai, kowace ta ɗauki alkawarin sayen kwafi 300 na duk littafin Hausa da kwamitin haɗin gwiwa ya zaɓa, kwafi 2,100 ke nan an sayar tun kafin a kai kasuwa, kuma wannan ya isa ya sa maɗaba'a ta tayar da injinta. Haɗin gwiwar zai kuma mai da wani abu daga cikin abin da rabon 1967 ya tarwatsa, domin sashen tsara littattafai guda ɗaya zai wadatar da jihohin duka, a tsara littafi sau ɗaya a raba bayaninsa ta kwamfuta.

Wajibi ne dai a yi hattara da kwamitin zaɓen, kada ya rikiɗe ya zama hukumar tace littattafai, ko kuma hanyar sayen littattafan abokai. Maganin wannan shi ne a sa malaman harshe daga jami'o'i da kwalejoji da wakilan ƙungiyoyin marubuta a ciki, a ƙayyade wa'adinsu, mamba ya fita daga zama in ana maganar littafinsa, a kuma buga sunayen littattafan da aka zaɓa da farashin kowanne cikin rahoton shekarar da za a ajiye a gaban majalisa.